HALITTUN DUNIYA: Danat, Ɗan Ƙasar Da Baƙi Suka Cinye Wa Gida

A cikin shekarar 1969, a wani tsibiri da ke kudancin ƙasar Ostireliya, an sare wani tsiro da mutanen wurin ke kira yaka, sai ga waɗansu 'yan dabbobi biyu sun fito daga gindinsa a guje, kare kuwa ya bi su ya cafke. Da a ce karen nan ya haɗiye abin da ya kama, ko kuwa mai shi ya dube su ya ce ai ɓeraye ne ya jefar, da wataƙila an ƙara shekaru masu yawa ba wanda ya san akwai irinsu a duniya. Amma aka yi sa'a suka kai hannun masana. Su ma masanan da farko sun ɗauka irin waɗanda aka saba gani ne a babbar ƙasar, sai a 1984 waɗansu masana uku suka rubuta cewa wannan iri ne dabam, suka kuma raɗa masa sunan Peter Aitken, wani ma'aikacin gidan adana kayan tarihi da halittu na birnin Adelaide.

To, mai karatu, wannan ɗan taliki ne za mu yi magana a kansa a wannan mako. Turawa na rubuta sunan danginsa dunnart, mu kuwa sai mu ce danat, tun da haka ya fi sauƙi a bakinmu. Danginsa sun kusa iri ashirin a Ostireliya, amma wannan da na ke nufi ba a samunsa ko'ina sai a Tsibirin Kangaru, a tsibirin ma sai a kusurwarsa ta yamma.

Wanda duk ya san jaɓa ya kusa sanin siffar danat. Ga dogon baki mai tsini, ga manyan idanu baƙaƙe, ga kunnuwa a miƙe, bayansa toka-toka mai duhu kamar an shafa masa kunkunniya, cikinsa kuwa ya fi haske. Jikinsa bai fi tsawon ɗan yatsa ba, wutsiyar ma ta ɗan fi jikin tsawo. Nauyinsa giram 20 ne zuwa 25, watau kamar ƙwayar sukari huɗu ko biyar. Amma fa ba ɓera ba ne, ba kuma jaɓa ba. Ɓera yana da haƙoran gaba na gwaigwayar hatsi, shi kuwa danat bakinsa cike ya ke da ƙananan haƙora masu tsini kamar allura, domin mafarauci ne. Da dare ya ke fita, ya kama gizo-gizo, da tururuwa, da buzuzu, da fara, har da kunama da shanshani. Bai taɓa shiga rumbun kowa ba. In sanyi ya tsananta abinci ya yi wuya, irinsu su kan kwanta su yi lamo, jikinsu ya huce kamar sun mutu, har rana ta ɗaga su farfaɗo, ta haka su ke tattalin ɗan ƙarfin da ke jikinsu.

Abin da ya raba shi da dabbobinmu shi ne yadda ya ke haihuwa. Akuya ta kan ɗauki ciki wata biyar ta haifi ɗan da zai miƙe ya bi ta nan take. Su kuwa dangin danat cikinsu bai fi mako biyu ba, abin da su ke haifa kuma bai kai ƙwayar shinkafa ba, ba gashi, ba ido, sai 'yan hannuwan gaba da zai ja jiki da su ya shiga wata 'yar jaka da ke cikin uwar, ya kama kan nono ya maƙale. A cikin jakar nan ya ke ƙarasa zama dabba. Irin waɗannan su a ke kira dabbobi masu jakar goyo, babbansu shi ne kangaru, kuma ba mu da ko ɗaya daga cikinsu a Afirka. Ostireliya da tsibiran da ke kewaye da ita su ne gidansu, sai kuma waɗansu a nahiyar Amurka. Ran danat gajere ne ƙwarai. Namiji da wuya ya wuce shekara guda, mace ta kan kai biyu. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin dabbar da ke rayuwa shekara ɗaya ko biyu, in aka sami shekara biyu a jere ba ta yi 'ya'ya masu rai ba, to, an gama da irinta a wurin ke nan.

Shi tsibirin ba ƙarami ba ne. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 4,400, watau ya fi Jihar Legas, amma mutanen da ke cikinsa wajen dubu biyar ne kurum, tumaki sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Ruwan da ya raba shi da babbar ƙasar bai fi kilomita 14 ba a inda ya fi ƙunci, kuma masana sun ce shekara wajen dubu goma ke nan da teku ta taso ta yanke shi. Mutanen ƙasar na asali sun zauna a cikinsa a zamanin da, amma sa'ad da Turawa suka zo ba su iske kowa ba. A watan Maris na 1802 ne wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, Matthew Flinders, ya sauka a gaɓarsa da mutanensa, sun yi watanni ba su ci ɗanyen nama ba. Suka iske kangaru ba sa gudun mutum, domin ba su san shi ba, suka kashe talatin da ɗaya, suka yi romo suka sha. Saboda godiya ga wannan romo ne Flinders ya sa wa tsibirin sunan da ya ke amsawa har yau.

Tun daga ran nan baƙi ba su daina zuwa ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma baƙin Tsibirin Kangaru sun zo ne da tabarmarsu. Bayan Flinders sai ga Bafaranshe Nicolas Baudin, sai mafarautan dabbobin teku masu neman fata, sa'an nan a 1836 aka kafa mazaunin Turawa na farko na yankin Kudancin Ostireliya a inda garin Kingscote ya ke yanzu. Kowa da abin da ya zo da shi, wani alade, wani akuya, wani tumaki, wani kyanwa domin ɓerayen jirgi. Ba a daɗe ba aka yi hasarar farko. Akwai wata 'yar gajeriyar jimina da ba a samu ko'ina sai a tsibirin, mutanen Baudin ma sun kai ta Faransa da rai, amma kafin 1830 ta ƙare ƙaƙaf. Abu biyu ne kawai Allah ya tsare tsibirin daga gare su, watau dilan Turai da zomon Turai, waɗanda suka yi wa babbar ƙasar ɓarnar da ba ta misaltuwa. Rashinsu ne ya sa mutane suka riƙa ɗaukar tsibirin a kan mafaka, har aka keɓe dajin yammacinsa a 1919 aka kira shi Flinders Chase, aka riƙa kawo dabbobin da a ke jin tsoron ƙarewarsu a wani wuri ana saki a ciki.

Cikin waɗanda aka kawo ɗin har da kowala, dabbar nan mai kama da 'yar tsana da ke kwana a kan itace, wadda masu yawon buɗe ido ke rububin ɗaukar hoto da ita. Guda goma sha takwas aka kawo a shekarun 1920. Suka hayayyafa har suka kusa dubu hamsin, suka cinye ganyen itatuwan da su ke so har itatuwan suka fara mutuwa, sai da hukuma ta shiga yi musu aikin hana haihuwa tun daga 1997. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya ga yadda al'amarin ya ke. Sunan tsibirin na kangaru ne, farin jinin na kowala ne wadda baƙuwa ce, shi kuwa ɗan ƙasa na ainihi, wanda ba shi da wani gida a duniya in ba nan ba, har 1969 ba wanda ya san da zamansa.

Babban abin da ya taƙure danat shi ne gatari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta yanka wa tsofaffin sojoji gonaki a tsakiyar tsibirin, iyali fiye da 170, aka kafa musu garin Parndana, aka sa manyan motoci suka tumɓuke daji aka shuka ciyawar kiwo. Ba zan ga laifin sojan da ya komo daga yaƙi yana neman abin da zai ci da iyalinsa ba, kuma ba wanda ya san akwai abin da a ke kashewa. Amma abin da ya faru ya faru. Kimanin rabin dajin tsibirin ya tafi, akasari a gabas da tsakiya, can kuwa aka sami danat na farko. Daga 1990 zuwa gobarar da za mu zo kanta, duk wanda aka gani a yamma aka gan shi, cikin Flinders Chase da dazuzzukan da ke maƙwabtaka da shi. Wanda ya ke da gida ɗaki goma, in wuta ta kama ɗaya sai ya koma wani. Shi danat an bar shi da ɗaki guda.

A cikin ɗakin nan guda ma akwai gara. Wata cuta ta ƙasa mai kama da fumfuna, wadda ita ma baƙuwa ce, tana shiga saiwar tsiro ta ruɓar da ita, kuma yaka na cikin waɗanda ta fi kashewa. Shi yaka gajeren kututture ne baƙi, da dogayen ganyaye sirara kamar ciyawa, tsofaffin su kan sauko su lulluɓe gindin kamar bunu a kan ɗaki. Ƙarƙashin wannan bunu, da cikin busasshen ganye, da 'yan ramuka, nan danat ke wuni. Cutar kuwa a laka ta ke tafiya, a takalmin mutum da tayar mota, shi ya sa a hanyoyin dajin a kan ajiye wurin goge takalmi kafin a wuce.

Wata wahalar kuma ita ce ganinsa. Masana sun sha wuya a kan wannan ɗan abu. A kan haƙa rami a binne bututu ko bokiti, a ja ɗan gajeren shinge ta kansa, domin dabbar da ta bi jikin shingen da dare ta faɗa ciki. A kan yi kwanaki ɗaruruwa ana duba ramukan nan kafin a sami guda. Daga 1969 har wajen 2017, duk waɗanda suka taɓa shiga hannu 'yan gommai ne kurum. Sai daga baya aka gane cewa abin da ya fi shi ne a ɗora kyamara mai ɗaukar hoto da kanta a jikin shingen, duk abin da ya gitta ta ɗauka. Da wannan dabara aka fara sanin inda ya ke sosai, aka kuma ƙiyasta cewa duka-duka ba su kai ɗari biyar ba. Ana cikin wannan aiki ne, an fara murna, sai wuta ta zo.

Sa'ad da mu ke cikin hunturu a nan, su a can tsakiyar bazara su ke. Shekarar 2019 kuwa ita ce wadda ta fi kowace zafi da fari a Ostireliya tun da aka fara rubuta lissafin yanayi har zuwa lokacin. Ran 20 ga Disamba aradu ta faɗa a wurare da dama a tsibirin, wuta ta tashi, bayan kwana goma wata aradun ta ƙara kunna dajin yamma. Mai karatu ya san itacen turare da a ke dasawa a ƙasarmu domin tare iska da hamada. To, asalinsa daga Ostireliya ya ke, dajin tsibirin kuwa kusan duk danginsa ne, kuma wanda ya taɓa jefa ganyensa a murhu ya san yadda man da ke ciki ke sa shi ci da ƙara. Ran 3 ga Janairu na 2020 iska mai ƙarfi ta taso cikin tsananin zafi, wutar ta ƙwace, ta yi ta gudu daga yamma zuwa gabas ba mai iya tsayawa a gabanta. Kafin a shawo kanta ta ci hekta wajen 211,000, hekta ɗaya kuwa kusan eka biyu da rabi ce, watau kusan rabin tsibirin ke nan. Mutum biyu suka rasu, uba da ɗansa. Gidaje fiye da tamanin suka ƙone, dabbobin kiwo wajen dubu sittin suka halaka. Flinders Chase kuwa kashi 96 cikin ɗari nasa ya zama toka.

Duniya ta ga hotunan kowala da ƙonannun ƙafafu, aka yi ta kuka, kuɗi suka yi ta kwarara, kuma lalle abin tausayi ne, gama fiye da rabinsu sun mutu. Amma kowala na nan da yawa a babbar ƙasar. Danat kuwa, fiye da kashi tara cikin goma na inda aka san yana zaune ya ƙone, har waɗansu masana suka fara cewa wataƙila an yi ban kwana da shi.

Nan ne maganar da na fi so mai karatu ya lura da ita. Wuta ba baƙuwa ba ce a dajin nan. Shekaru dubbai aradu na kunna shi, itatuwansa sun saba, su kan sake tohowa daga wani kulli da ke ƙarƙashin ƙasa, shi kansa yaka bayan wuta ne ya fi yin fure. Danat ma ya san wuta, in ya sami rami ko tsaguwar dutse ya kan shige har ta wuce. Abin da bai sani ba shi ne abin da ke jiransa washegari. Duk wanda ya taɓa ganin ƙunar daji ya ga yadda shirwa da shaho ke shawagi a kan hayaƙi suna jiran abin da zai fito. To, a can kyanwa ce ke wannan aiki, kyanwar gida da ta koma daji ta hayayyafa. An taɓa sa wa irin waɗannan kyanwoyi na'ura a wuya a arewacin Ostireliya, aka ga su kan bar inda suka saba su yi tafiyar fiye da kilomita goma musamman domin su je inda wuta ta ci sosai, saboda a nan farauta ta fi sauƙi. Fili ya zama fetal, ba ciyawa, ba bunu, ba inuwa. Ɗan abin da ya tsira daga wuta tilas ya fito neman abinci, ga shi a kan farar toka, ga kyanwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ba zato ba ne. Tsakanin Fabrairu da Agusta na 2020 an kama kyanwoyin daji 86 a yammacin tsibirin, masana na Jami'ar Adelaide suka buɗe cikinsu, suka kuma buga abin da suka gani a 2022. A cikin bakwai daga cikinsu an sami gawar danat har guda takwas. Wani zai ce takwas ai ba yawa. Amma a tuna abin da a ke samu a cikin kyanwa abincin kwana ɗaya ne ko biyu, ba na shekara ba, kuma a tuna ana maganar dabbar da tun kafin wuta ba ta kai ɗari biyar ba, wadda masana ke shan wahalar makonni kafin su kama guda. Abin da ya gagari masu ilmi da kayan aikinsu, kyanwa na yinsa a dare ɗaya.

Waɗanda suka fara tashi tsaye ba gwamnati ba ce. Wata 'yar ƙungiya ce ta tsibirin mai aiki da masu filaye, sunanta Kangaroo Island Land for Wildlife, wadda dama tana da kyamarori a dazuzzukan mutane. Ma'aikatanta suka bi toka suna neman inda wuta ta tsallake, suka sami ɗan kurmi kore a wajen Western River, a filin wani iyali, kyamara kuwa ta nuna akwai danat a ciki. Da ma kowace kyanwa da ke yankin nan ta nufa. Sai suka haɗa kai da wata babbar ƙungiyar kare namun daji, Australian Wildlife Conservancy, sojoji kuma suka taimaka, cikin 'yan makonni aka kewaye hekta kusan goma sha huɗu da shingen waya, aka fitar da kyanwoyin da ke ciki. Shingen ya kusa mita biyu a tsaye, samansa an bar shi laƙwas yana lanƙwasowa waje, yadda in kyanwa ta hau sai ya sunkuyo da ita ta faɗo. A 2021 aka faɗaɗa shi ya kai hekta 369. A wuraren da ba shinge kuwa aka shimfiɗa waɗansu dogayen rumfuna ƙanana na waya da ƙyalle a kan tokar, domin ƙananan dabbobi su sami inda za su bi ba a gan su ba.

Aiki ne na a yaba, amma kada a ruɗe. Hekta 369 a cikin 211,000 da suka ƙone, ai ɗigo ne. Shinge asibiti ne, ba gida ba. Kullum sai an bi shi an duba, itace ɗaya in ya faɗa masa da dare an koma gidan jiya, kuma shingen waya ba ya tare wuta. Ni a ganina duk shingen da aka kafa irin wannan shaida ce a kanmu 'yan Adam, cewa mun ɓata waje har ya zama sai an kulle mai gida a ɗaki, ɓarawo kuwa yana yawo a tsakar gida.

Saboda haka ne hukumomin tsibirin suka ɗaura niyyar abin da ya fi wuya, watau raba shi da kyanwar daji gaba ɗaya. Sun riga sun yi haka da awakin daji da barewar Turai, an bayyana ƙarewarsu a 2018, aladun daji kuma da wuta ta kashe akasarinsu aka bi sauran da jirgi mai saukar ungulu. Kyanwa ce mai wuyar. An taɓa yi a tsibirin Dirk Hartog na yammacin Ostireliya, aka gama a 2018, amma Tsibirin Kangaru ya ninka shi wajen sau bakwai, ga mutane da gonaki. Don haka aka fara da yankin gabas da a ke kira Dudley, wanda ɗan siririn wuya ne ya haɗa shi da sauran tsibirin, aka gitta shinge a wuyan, a ke bin kyanwoyin daga bakin teku ana matsowa. Ana amfani da tarko, da bindiga, da karnuka masu sansano. Akwai ma wata na'ura da aka ƙera a ƙasar, akwati ne mai idanun lantarki, yana gane kyanwa ta tsawonta da irin tafiyarta, in ta gitta sai ya fesa mata guba mai danƙo a gashi. Kyanwa kuwa ba ta jure ƙazanta a jikinta, sai ta lashe. Da tsabtarta a ke kama ta. Kyanwar gida kuma doka ta ce sai an yi mata rajista, an yi mata aikin hana haihuwa, an kuma tsare ta a gida.

Na san akwai masu karatu da wannan ba zai yi musu daɗi ba, ni ma bai yi mini ba. Mun tashi muna ganin kyanwa a gindin murhu, an kuma hore mu da tausaya mata. Kuma in za a faɗi gaskiya ba ta yi laifin kome ba, ba ita ta sayi tikitin jirgi ba, abin da aka halitta ta a kansa shi ta ke yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma tausayi ba zai sauya lissafin ba. Tun zuwan Turawa a 1788 Ostireliya ta yi hasarar irin dabbobi masu shayarwa fiye da talatin, ba ƙasar da ta kai ta a wannan hasara cikin wannan lokaci, masana kuma sun ce da hannun kyanwa a cikin akasarinsu. Kyanwa tana ko'ina a duniya, ba ranar ƙarewarta. Danat kuwa kusurwa ɗaya gare shi. Wanda ya ce a bar su su sasanta tsakaninsu, ya riga ya yanke wa ɗaya hukunci ne, ya kuma san wanne. Abin da zan nema kurum shi ne a yi kisan da sauri, ba azabtarwa.

Abin da ya sa na ke ganin aikin zai iya ɗorewa ba son danat ba ne, domin manomin tumaki bai damu da abin da bai taɓa gani ba. Aljihunsa ne. Kashin kyanwa na ɗauke da ƙwayoyin cuta iri biyu da ke shiga tumaki ta ciyawa, ɗaya tana sa tunkiya ɓari, ɗayar kuma tana yi wa naman waɗansu fararen ƙuraje, sai mahauta sun yanke sun zubar, wani lokaci a ƙi gawar ɗungum. Tumakin tsibirin sun fi na babbar ƙasar fama da wannan ƙwarai. Saboda haka manomi da mai kare namun daji, waɗanda ba kasafai su ke shan inuwa ɗaya ba, a kan kyanwa bakinsu ɗaya.

Akwai wata gardama da masana ke yi wadda zan taɓa a taƙaice. Da aka gwada jininsa da na danginsa, waɗansu sun ce danat na tsibirin ba iri ne mai zaman kansa ba, reshe ne na wani da ke babbar ƙasar ta wajen yamma, har an sauya masa suna a waɗansu littattafai. Ba ƙaramar magana ba ce kamar yadda a ke zato, domin kuɗin ceto ya fi bin wanda aka ce ba irinsa. Amma shekara dubu goma a keɓe ba kwana biyu ba ce, kuma ko da wane suna aka kira shi, in ya ƙare a tsibirin ba inda za a je a ɗebo wani.

Labarin da ya biyo bayan gobarar ya fi yadda a ke tsoro daɗi. Da kuɗi suka samu aka baza kyamarori da yawa fiye da da, sai aka riƙa ganin danat a wurare da dama, har da inda wuta ta ci ƙurmus, har da inda ba a taɓa sanin yana nan ba. Wannan ya nuna ya fi yadda a ke zato jimiri, ya kuma nuna cewa ƙarancinsa na da, wani ɓangarensa ƙarancin masu nema ne. Dajin ma ya toho, yaka ya yi furen da tsofaffin tsibirin suka daɗe ba su ga irinsa ba, ƙasa ta sake rufuwa, ɗan taliki ya sake samun inda zai ɓuya.

Sai dai wannan tohon da ke ɓoye shi yau, shi ne makamashin gobe. Daji ne da ya tashi rana ɗaya, sa'a ɗaya ne duka, zai kuma yi kauri ya bushe lokaci ɗaya, ba wani tsohon kurmi a tsakani da zai karya gudun wuta ko ya zama wurin gudu. Masana yanayi sun ce kwanakin zafi da iska irin na 3 ga Janairu ƙaruwa su ke yi a kudancin Ostireliya. Kuma wutar 2019 ba ita ce ta farko ba. A watan Disamba na 2007 aradu ta kunna wannan dajin na yamma, ta ci kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tsibirin, har da yawancin Flinders Chase. Tsakanin waccan da wannan shekara goma sha biyu ce kurum.